Zaren Bakin Bindigar Alhaji

Mahaifinmu ya bar mana abu biyu a unguwar Briqueterie: shago a bayan layin masu tsire, da injin da ke cikinsa. Injin nan muna ce masa tur. Shi yake juya ƙarfe, kai kana sassaƙarsa har ya zama abin da kake so. A kansa na koyi yanka zare, wato layin nan da ke zagaye jikin ƙarfe, wanda noti ke bi ya ɗaure. Yayana bai koya ba, ɗinki ya bi. Amma rabin shagon nasa ne, kuma shi ne babba.

A zamanin Baba ma'aikatan gwamnati na unguwar Cité Verte masu zuwa farauta ne ke kawo mana bindigoginsu gyara. Aikin yana da tsari. Da farko a ga takardar izini. Sannan a buɗe bindiga a tabbatar babu harsashi. A wanke, a auna, daga nan a gwada zare da yatsu kawai. In ya cije, a tsaya. Baba bai taɓa yarda a ɗauki sifana a tilasta wa zare ba, ni ma haka na tashi.

Sai shekarun matsi suka zo, abin da kowa ke kira kiriz. Aka zaftare albashi. Masu farautar suka jingine bindigogi a bayan kabad, motocinsu suka hau kan duwatsu ba tayoyi. Ni dai ban canza komai ba: in buɗe bayan asuba, in share, in shafa wa tur mai, in zauna.

Wata safiya Yaya ya shigo ya same ni da tsumman mai a hannu.

“Ƙanena, har yanzu gawar nan kake wa kwalliya?”

“Yaya, lafiyarsa ƙalau. Aiki ne babu.”

“Ni ma lafiyata ƙalau, abinci ne babu. Wani ɗan unguwar Messa yana son shagon, zai zuba gwanjo. In azumi ya kama injin nan bai ci aikin kirki ba, zan sa a fitar da shi.”

Ban yi masa musu ba. 'Ya'yansa sun fi nawa yawa.

Ana cikin watan Sha'aban wani Alhaji, tsohon abokin Baba, ya zo da bindiga nannaɗe a bargo. Shi yake jagorantar Turawa masu farauta a dazukan arewa. Tsufa ya kama kafaɗarsa, bindigar kuma tana naushinsa duk lokacin da ya harba. Wani baƙonsa Ba'amurke ya bar masa guntun ƙarfe mai huji-huji da ake ɗaurawa a bakin bindiga don ya rage naushin.

“Ɗana, abin nan ya ƙi ni. Yana fara shiga sai ya tsaya, kamar suruki a bakin ƙofa. Ka gyara, in kawo maka bindigogin sansaninmu gaba ɗaya kafin a buɗe farauta.”

Na ga takarda, na buɗe, na wanke, na auna. Zaren bakin bindigar na milimita ne, irin na Turai. Na ƙarfen kuwa na inci ne, irin na Amurka. A ido iri ɗaya suke, amma ba za su taɓa haɗuwa ba. Na ce zan sassaƙa ɗan mahaɗi a tsakaninsu, kowane gefe da zarensa.

Turinmu milimita ya sani. In ana son inci, sai an sa masa wani babban faifan ƙarfe mai haƙora, pinyo. Baba yana rataye shi a ƙusa bayan ƙofa, a inda ba na dubawa saboda shekaru ba a nemi inci ba. Na tura ƙofar. Ƙusa na nan, da zagayen tabon mai a bango. Pinyo babu.

Na fitar da komai na shagon waje, na mayar ɗaya bayan ɗaya. Daga nan na tafi wurin Yaya, na same shi a kan keken ɗinki yana facin wando, na tambaye shi pinyon.

“Wannan faranti mai haƙora? Ai yana gida, yana mana aiki. Bara da gas ya gagare mu na kai wa mai walda a unguwar Madagascar.”

A tsakar gida matarsa na tuƙa tuwo a kan kurfoti, murhun gawayin da kowa ya koma wa a lokacin. Na durƙusa na leƙa. Pinyon Baba ne gindinsa. An liƙa masa ƙafafu da walda ta cikin haƙoran, wuta ta gasa shi har ya banƙare.

“Malam, ko tuwon ne ya kira ka?” in ji ta. “Kurfotin nan bai taɓa kifewa ba, duk gidan ana aronsa.”

Na ce mata a ci lafiya.

Na bi masu tsofaffin ƙarafa na kasuwar Mokolo rumfa-rumfa. Wasu ba su gane abin da nake nema ba, wasu suka ce irinsa an narkar tuni. Na koma na gaya wa Alhaji gaskiya.

“To ka sa sifana ka murɗa mana. Ƙarfe ne, zai bi.”

“Zai bi a karkace, Alhaji. Harsashi kuma ta nan zai wuce.”

“Taurin kan ubanka ka gada, ba ka gaji lokacinsa ba.”

Ya nannaɗe bindigarsa ya fita.

Ranar da aka tashi da azumi 'yan dakon da Yaya ya turo suka zo da amalanke da sanduna. Na roƙe su su bar ni in kwance injin da kaina, bi da bi, kada su ja shi a ƙasa. Suka tsaya suna kallo ina jera sassan a kan buhu, kowanne kusa da abokinsa. Babbansu ya ce, “Patron, kada ka wahalar da kanka, a sikeli za a ɗora, masu narka ƙarfe aka sayar wa.” Na ci gaba har na gama, sannan suka kwashe suka watsa a amalanke.

Bayan ƙaramar salla na haɗu da Alhaji a ƙofar masallaci. Ya ce wani makanike ya ɗaure masa ƙarfen da sifana, ya bi da walda. Na tambaye shi ko ya miƙe.

“Wa ya sani? Yana dai harbi, kafaɗata kuma ta huta.”

Na jira in ji ya ce wata matsala ta biyo baya, babu. Muka yi sallama. Hanyata ta gida ta gaban shagon take. An rataye riguna tun daga bakin ƙofa, kuma a ƙusar nan ta bayan ƙofa akwai wandon yara.