Sunansa Sahabi, Ba Tuɓe-Rawani Ba

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Sahabi ya rasu.

Da safen nan labarin ya same ni, ina zaune da kofin koko a hannu. Ɗansa ne ya kira ni daga Achida, ya ce ya yi sallar asuba, ya ɗan kishingiɗa, shi ke nan.

Ban gama share hawaye ba na buɗe waya, sai ga hotonsa a shafin Nasiru, ɗan ƙanena Mu'azu. A ƙarƙashi ya rubuta wai "Allah ya jiƙan Baba Tuɓe-Rawani", har da ɗan hoton nan mai dariya. Wasu kuma suna ta bi suna taya shi.

Dariya fa. Ga mutum ko wanka ba a yi masa ba.

Ni tsoho ne, rubutu a waya wahala yake ba ni, yatsuna ba sa bin umarni. Amma yau sai na rubuta, don raina ya ɓaci matuƙa. Wannan suna daga gidanmu ya fito, kuma ina tsaye a wurin ranar da aka laƙaba shi.

Gab da Turawa su tafi, wasu Turawan safiyo suka zo auna gulbin Rima. Suka kafa sansani a bayan Wurno, suka zo da ɗan ƙaramin jirgi mai saukar ungulu, mai gaban gilashi kamar tulu. Yau su tashi Rabah, gobe Goronyo. Matuƙinsa wani Bature ne da muke kira Mai Lofe, don lofen taba ba ya barin bakinsa.

Sahabi abokina ne tun muna makaranta a Wurno. An ɗauke shi aikin ɗaukar fetur da goge gilashi. Da Mai Lofe ya ga hannunsa na son ƙarfe, sai ya fara koya masa tada jirgin da kashe shi, don ya riƙa ɗumama masa inji kafin ya gama shan shayi. Tashi sama kam, ko a mafarki ba a ce masa ba.

Amma zo ka ga murna wurin Sahabi. Duk yamma sai ya jawo ni kan wani benci, ya sa taɓarya tsakanin ƙafafunsa a matsayin sandar tuƙi.

"Haliru, zamna nan, yau kai na Bature," in ji shi. "Da hwari ka zagaye shi da ƙahwa, ka duba mai, ka duba ba abin da ka ɗiga. Ka kwance igiyar farfela. Ka shiga, ka ɗamre kanka. Ka duba dama, ka duba hauni, ka ɗaga murya ka ce a kauce! Sannan ka buɗe mai ka danna."

Sai ya yi ƙarar injin da baki har miyau ya fesa mini. Ya ce ba a gaggawa, sai allurar zafi ta hau, sai farfela ta ɗauka, sai kunnenka ya ji muryar ta daidaita. Na riƙa tsokanarsa ina ce masa matuƙin benci, yana ce mini ɗan mai gari wanda ko jaki bai iya tayarwa ba.

Abu ɗaya ne ba ya wasa da shi, kashewa.

"Kashewa ta hi tadawa wuya," haka yake cewa. "Ka rage mai, ka bar shi shi huce, sannan ka ruhe. Mota in ka kashe ta, ta mutu. Wanga in ka kashe shi bai mutu ba, sai farfela ta tsaya cik. Kuma sa'ad da ta gaji, sannan ta ka sunkuyowa ƙasa. Ba ka sakin sanda, ba ka barin kujera."

Mai Lofe ya yi masa alkawari. In ya kashe jirgin shi kaɗai ba kuskure, zai tura shi koyon kanikancin jirgi. Ranar gwajin ta faɗo ranar da za su sauka a fadamar garinmu, kan hanyar Goronyo, inda mahaifina yake mai gari.

Gari kaf ya fito. Jirgin ya sauka gefen gonakin albasa, ƙarƙashin wani ɗan tudu inda muke tsaye. Ina hango Sahabi ta gilashi. Ya rage mai, ya jira, ya rufe. Ƙara ta ɗauke, wuri ya yi tsit.

Mai Lofe bai jira farfela ta tsaya ba. Ya buɗe ƙofa, ya sunkuya ya fice ta ɗaya gefen, ya je can yana cusa taba a lofe. Shi da ya kafa dokar, shi ya fara taka ta.

Shirun nan ne ya yaudari Baba. Na ji wani a bayansa ya ce, "Injin ya mutu, ranka shi daɗe." A wurinmu ba a barin baƙo tsaye, mai gari ne ke zuwa ya tarbe shi. Baba dogo ne, ga sabon rawani an naɗa masa saboda ranar. Ya gangaro daga tudun ya nufi jirgin kai tsaye, a miƙe, don mai gari ba ya sunkuyawa a gaban talakawansa.

Farfela kuwa tana juyawa a hankali, tana yin ƙasa, ga iska tana kaɗa ta.

Sahabi ya yi ihu, "A kauce! A kauce!" Baba bai ko waiga ba. Tun da aka naɗa shi ba wanda ya taɓa ce masa ya kauce, bai ɗauka da shi ake ba.

Sai Sahabi ya saki sandar. Ya kwance ɗamara, ya diro, ya sheƙo a sunkuye ya rungumi gwiwoyin Baba. Suka zube tare. Rawanin ya fice ya yi sama, farfela ta cafke shi daidai inda kan Baba yake, ta yayyaga shi, ta watsa tsummansa cikin albasa.

Da idona na gani. Ba labari aka ba ni ba.

Amma mutanenmu abin da suka gani daban ne. Sun ga yaron Bature ya ka da mai gari, ya bar kansa a buɗe gaban mata da yara. A wurinsu wanda ya cire maka rawani ya tuɓe ka daga sarauta ke nan. 'Yan'uwan Baba suka rufe Sahabi da duka. Na shiga tsakani ina cewa ku dubi rawanin, ku dubi abin da farfela ta yi masa! Baffana ya wanke ni da mari.

"Ubanka na ƙasa, kai kana kare baran Nasara? Mi kaka nuhi?"

Mai Lofe fa? Yana tsaye ya ga komai. Kalma ɗaya daga bakinsa ta isa ta wanke Sahabi, don a lokacin abin da Bature ya faɗa ya zauna. Da aka tambaye shi, sai ya zare lofe ya ce da gurguwar Hausarsa, "Ya saki sanda. Na ce kada a saki sanda." Ya kore shi nan take. Ya san in ya faɗi gaskiya za a tambaye shi me ya fitar da shi waje farfela na juyawa.



Shi ke nan. Makarantar kanikanci ta tafi. Aka bar shi da suna. Yara suna bin sa a kasuwa suna Tuɓe-Rawani, Tuɓe-Rawani. Na yi bayani a zaure, na yi a gidan biki, na yi a gidan makoki, har aka fara cewa Haliru ma Turawa sun juya masa kai.

Sahabi ya koma Achida ya buɗe ɗan gareji. Injin niƙa, injin ban-ruwa, daga baya janareta. Manoman albasa na Goronyo sun san shi. Duk wanda ya kashe inji da zafinsa a gabansa sai ya sha faɗa: "Bar shi shi huce, ɗan nan, ba gaba kukai da shi ba."

Shekarar da injin ban-ruwana ya tsaya albasa na tsakar neman ruwa, ya hau kekensa ya zo har gona, ya gyara, ya ƙi ko zama cin tuwo don kada ya haɗu da baffannina su ɓata wa juna rai.

Ranar jana'izar Baba ya zo. Ya tsaya a sahun ƙarshe, ya yi sallah, ya tafi. Wasu a gidanmu har suka ce ya zo ganin ƙwaf ne. Ku ji fa.

Ganina da shi na ƙarshe, bayan ƙaramar sallah ne. Na same shi a rumfar garejin, ido ya yi rauni, jikoki ke aikin. Muna hira sai wani jirgi mai saukar ungulu ya wuce can sama. Ya ɗaga hannu ya tsayar da ni, ya karkata kunne har ƙarar ta ɓace. Na ga hannunsa na dama ya kama sandarsa ta dogarawa, ya sa ta tsakanin gwiwoyi.

Na ce, Sahabi, har yanzu?

Ya yi dariya. "Ko yau anka aje min shi, ina tada shi, ina kashe shi. Ba abin da nim mance."

Sai na tambaye shi abin da ya daɗe yana cin raina. Me ya sa bai taɓa kare kansa ba, ya bar ni ni kaɗai ina ta haƙilo?

Ya ce, "Baba ya sani, Haliru. Ya ishe ni nan wata ranar kasuwa, shi ɗai. Yac ce, yaro, na ji iskar abin nan bisa wuyana. Yas sa min albarka. Amma yac ce ba shi iya hwaɗi gaban jama'a."

Na ce, kai kuma ka yarda?

"To mi za ni yi? In hito in ce mai gari ya yi wauta? Na ka da shi sau guda, ya isa."

Shi ya yafe. Ni ban kai shi ba. Ina jin haushin Baturen da ya sayar da shi don ya rufe laifinsa. Ina jin haushin baffannina. Baba, Allah ya jiƙansa, mahaifina ne, amma shirun da ya yi ya yi tsada, kuma ba shi ya biya ba.

Yanzu, Nasiru, saurara da kyau. Ranar da abin nan ya faru ba a haifi ubanka ba, ko cikinsa ba a ɗauka ba. Mu'azu ya zo duniya ne bayan Sahabi ya saki sandar nan. Da ya bi dokar Bature ya zauna a kujerarsa, da ya samu makarantarsa, amma da farfela ta sare kakanka, da babu kai, babu ubanka, babu yatsan da ka danna hoton dariya da shi.

Ka goge abin nan. Ka nemi mota ka same ni a Achida, ka sa kafaɗarka a makararsa.

Ya Allah, ka jiƙan Sahabi. Ka yafe masa kurakuransa, ka haskaka kabarinsa, ka ba iyalansa haƙuri. Abin da aka hana shi a nan, ka musanya masa da wanda ya fi shi. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa.

Duk wanda ya karanta wannan, don Allah ya yi masa addu'a. Kuma in za ku yi, ku kira shi da sunan da mahaifinsa ya raɗa masa.

Sahabi.