Makewayin Bayan Zaure

Ni mutum ne mai kunya, har ta yi mini yawa, sai ga shi Allah ya jarrabe ni da ciwon da bai san kunya ba.

Abin ya fara ne shekarar da muka tare a unguwar Takur. Ciki ya murɗa, gudawa ta biyo baya, daga nan na fara ganin jini da majina. A makarantar da nake koyarwa kowa ya zama likita. Wannan ya ce basir ne, wancan ya rantse atuni ne. Na sha jiƙe-jiƙe har na daina jin ɗaci. Sai ciwon ya lafa, in fara yabon mai magani, can kuma ya dawo kamar wanda ya je hutu. Na rame, wanduna suka yi mini yawa.

Duk wannan da sauƙi a kan zuwa gaida surukina. Dattijo ne manomi a wani ƙauye kusa da Jahun, kuma yana ƙaunata. A gabansa ko ruwa ba na sha, haka aka tarbiyyantar da mu. Makewayin gidansa kuwa yana can ƙuryar gida, sai ka ratsa tsakar gida ta gaban surukarka da sauran mata, buta a hannu. Wane suruki ne zai yi haka?

Wata rana da damina ina durƙushe a zaurensa, yana ba ni labarin yadda gero ya yi kyau, cikina ya murɗa. Na daure. Gumi ya keto mini. Yana tsakiyar magana na miƙe, ko sallama babu, na yi waje na nufi gona. Ban kai ba. Na daɗe tsugune a cikin geron ina kuka, ni da nake tsawata wa 'ya'yan mutane a aji. Na rufa da babbar rigata, na bi ta bayan gari na tari mota.

Daga ranar na ɗauke ƙafa. Sallah ta zo ta wuce, na tura matata da yara. Ta dawo da saƙo.

"Baba ya ce in tambaye ka, me aka yi maka?"

"Ki ce aiki ne ya yi yawa."

"Malam, yana ganin raina shi ka yi fa."

"Gara ya ga haka," na ce, kuma har zuciyata nake nufi.

Da jiki ya ƙi, asibiti suka tura ni Kano, aka duba hanjina da na'ura mai kyamara. Likita ya ce kumburin hanji ne mai tafiya yana dawowa. Ya ce an fi saninsa a ƙasashen Turawa, a nan ba kasafai ake gane shi ba, domin kama yake da atuni. Ba ya warkewa kwata-kwata, amma magani yana kwantar da shi. Na ce a raina, duk abin Turawa ban samu komai ba sai gudawarsu.

Matata ba ta nemi izinina ba, ta faɗa wa mahaifiyarta. Da na ji, na yi faɗa sosai, na ƙi cin tuwonta. Ta bar ni na gama, sannan ta ce Baba yana nemana.

Na je, kaina a ƙasa. Muka gaisa. Bai ce yaya jiki ba, bai tayar da zancen ranar nan ba. Labarin gyaɗa ya ɗauko. Can ya nuna bayan zaure da sandarsa.

"Ka ga ɗan aikin da na yi? Makewayi ne na baƙi. Ƙofarsa ta waje take, ba sai an shiga gida ba."

Na leƙa. Sabon gini ne na ƙasa, an rataya buhu a ƙofa, ga buta cike da ruwa a gefe. Baƙin gidan nan duk 'yan uwansa ne, kai tsaye suke shiga ciki. Ni kaɗai nake tsayawa a zaure.

"Bari in duba awakin nan," ya ce. "Zan ɗan jima."

Awakin suna ɗaure a gabanmu, suna cin harawa. Ya wuce su ya tafi.