Rediyon da ba ya kama tasha

Akwai makonni uku a rayuwata da ba na jin zan manta da su ko da tsufa ya kwashe sauran. Su ne makonnin da rediyon mahaifina ya yi shiru, ni kuma na hana kowa taɓa shi.

Mahaifina ya yi shekara ashirin yana kasuwanci a Kumasi kafin ya dawo Filinge. Da idanunsa suka yi rauni, ƙanwata da ke aure a Turai ta aiko masa da rediyo mai aiki da intanet, domin ya riƙa jin wata tasha ta zangon Kumasi. Kowace Juma'a da hantsi ana karanta sanarwar suna, aure da rasuwa. Ta nan kaɗai yake sanin wanda ya rage cikin abokansa, musamman amininsa da suka yi rumfa ɗaya, wanda labari ya zo cewa yana kwance. Lambar wayarsa ta daɗe da ɓace mana.

Ranar da rediyon ya ƙi magana, Baba ya ce, "Mushe, abin ga ya bar kama tasha. Kai shi ga mai gyara."

Mushe, wato malam a bakin 'yan makarantar Faransanci, yake kirana tun da na fara koyar da kimiyya a sakandaren lise, rabi girmamawa, rabi ba'a. Na ce ba sai an kai ba, ai fannina ne.

Kalmar "kama" ce ta yaudare ni. Mun tashi da rediyon da ke kama murya daga iska, wanda in ya yi rauni ake ƙara masa waya a rataya a reshen dogon yaro. Na kwance ƙusoshinsa huɗu ina neman sandar nan mai naɗin waya. Babu ita. Lasifika ce kawai, da ɗan allo kore da bai kai tafin hannu ba, sauran duk fili. Garin ɗaga allon na tsinke siririyar wayar da ke zuwa gilashin gaba. Na mayar da murfin, ban gaya wa kowa ba. Juma'a biyu Baba yana tambaya, ina cewa ana kan aiki.

Da kunya ta ishe ni, na kira ƙanwata a gabansa.

"Yaya, buɗe shi ka yi? Don mi? Ba abin da ya same shi!"

Ta ce rediyon ba ya ɗaukar komai daga iska. In an kunna shi, yakan fara tambayar wata na'ura ta kamfanin da ya ƙera shi adireshin kowace tasha, sannan ya je can ya karɓo muryar. Kamfanin ne ya rufe wannan hidimar. Tashar tana nan tana watsa shirinta, kuma wayata ma za ta iya buɗe ta.

Baba ya jinjina kai. "Ashe kamasho ya tashi. Mota na nan, Yamai na nan, mai nuna ma fasinja mota ne babu."

Abin da na kasa ganewa da digirina, ya gane shi a numfashi ɗaya.

Juma'a ta uku na ɗora masa wayata a kan tabarma. Can tsakiyar sanarwa mai karatu ya ce iyalan marigayi wane suna godiya ga duk waɗanda suka halarci sadakar bakwai. Sunan amininsa ne. Baba ya yi salati. Sannan ya ce, "Kwana nawa ke nan ina roƙa mai lafiya, shi ko gafara yake bukata."

Bai zarge ni ba, har ya bar duniya. Ni ne nake zargin kaina, domin minti biyar na tambaya sun isa ya ji rasuwar a kan lokaci, ya aika gaisuwa. Tun daga ranar, in abu ya fi ƙarfin sanina, nakan faɗa da bakina a ranar farko, tun wanda ke jirana bai yi asarar da ba a mayarwa ba.