Rezar Ba Kyari da Jan Baburin Zaure

Duk wanda ya taɓa tsayawa a rumfar Ba Kyari bakanike a unguwar Mafoni ya san ba ya amsa gaisuwa sai ya gama da inji. Ka yi sallama, ka ƙara da "wushe", wato sannu, ka durƙusa ma idan kana da lokacin ɓatawa. Shi dai ya kafa bakin doguwar sukundireba a kan inji, ya manna ƙotar a kunne, ya lumshe ido kamar mai sauraron wa'azi. Sai ya ɗago ya ce, "Tafet ne," sannan ya tuna kai ma mutum ne. Ni Ishaku, malamin firamare, na fi shekara ashirin ina katanga ɗaya da shi, amma bai taɓa tambayar lafiyar iyalina kafin ta baburina ba. Kuma yau ni ya bar wa jan baburinsa, da gargaɗin cewa idan ya mutu a hannuna ba zai yafe mini ba. Ku ji gado!

A wurinsa kowace ƙara da sunanta. In siririya ce daga saman inji, cik-cik-cik, tana ƙaruwa in ka ja wuta, to tafet ne, wato ɗan ƙarfen da ke danna bawul ya saki. In kuwa mai nauyi ce daga ƙasa, sai ya ce, "Je ka sayar da akuya, ka dawo."

Kuma ko gwamna ne kai, ba ya taɓa inji mai zafi. Ƙarfe in ya yi zafi buɗewa yake, in ka saita shi a haka ka yi aikin banza. Wata rana wani ɗan kasuwa daga unguwar Fezzan ya iso yana huci.

"Baba, sauri nake. Ai aikin minti biyar ne."

"Gaskiyarka, minti biyar ne. Bayan ya huce."

"Yaushe zai huce?"

"Tambaye shi, ai kai ka dafa shi."

Mutumin ya sayo ruwan leda ya shiga tsiyaya wa injin. Ba Kyari ya gyara zama ya ce, "Madalla! Kawo sabulu mu yi masa wankan Sallah." Sannan ya zaro ma'aunin baƙin mai, ya gan shi a bushe ƙayau.

"Yaushe rabon da ka zuba masa mai?"

"Wallahi ban tuna ba."

"Shi ya tuna. Shi ya sa yake kuka."

Sai zancen reza. Kowa na auna tazarar tafet da ƙarfen awo, shi kuwa da tsohuwar rezar aski guda ɗaya, wadda ko albasa ba za ta yanka ba. Zai juya inji har fiston ya hau sama, ya kwance noti, ya zura rezar, ya murɗa a hankali har ta riƙa wucewa da ɗan ja, sannan ya ɗaure. Tausayi ya kama ni, na sayo masa ƙarfen awo sabo fil. Ya yi godiya har da sa albarka. Washegari na tarar ya tokare ƙafar bencinsa da shi.

"Ticha, abin nan naka yana da amfani ƙwarai. Benci ya daina rawa."

Abin da ya haɗa mu faɗa shi ne, duk gyaran da zai yi sai ya bar 'yar ƙara kaɗan. Na ce ni shiru nake so. Ya ce, "Tafet mai surutu bai taɓa kashe inji ba. Mai shiru shi ne mugu." Ni da takardar shaidar malanta, bakanike zai koya mini? Ana saura kwana biyu Kirsimeti na lallaɓa unguwar Limanti, wani bakanike ya matse mini tafet ɗin tsam. Babur ya yi tsit, na wuce ta gaban rumfar Ba Kyari har sau biyu don ya ji. Na kama hanyar gida Biu ina murmushi. Ban yi rabin tafiya ba bawul ya ƙone, don ya matsu har ba ya rufuwa. A bayan motar awaki muka dawo, ni da babur.

Ba Kyari ya dube mu, ya dubi kashin awakin da ke wandona, ya ce, "Kai, Ticha, barka! Ka samu shirun da kake nema. Wannan ko a maƙabarta sai haka."

Da aka hana hawa babur a cikin gari, ya koma gyaran keke mai ƙafa uku yana gunaguni, wai inji ɗaya ne aka sa masa zane. Abokan sana'arsa duk suka sayar da nasu baburan. Shi ya tura jan nasa cikin zaure ya ce ba inda za shi. Duk Juma'a da safe, tun inji na da sanyi, zai auna tafet da reza, ya buga kik, ya saurara, ya kashe. Baburin da ba ya zuwa ko bakin ƙofa! Na ce masa wannan ai kiwon doki ne a cikin rijiya. Ya ce, "Ranar da aka buɗe hanya, ku kuna neman fulogi, ni na kai Konduga."

Bara ciwo ya kwantar da shi. Da farko yana faɗa da kowa, har ya ce wa mai allura hannunsa ba saiti. Daga baya ya daina. Na shiga na tarar yana kwance lamo, na fito na ce wa matarsa, Ya Falmata, "Sauƙi ya samu, yau ko tsawa bai yi ba." Ni da na dawo a motar awaki, ban koyi komai ba. Wannan maganar tana ci mini rai har yau. Da yamma ya sa aka kira ni, ya danƙa mini rezar a naɗe cikin takarda.

"Kada ka matse shi, Ticha. Na san halinka."

Kwana uku bayan haka ya rasu.

Juma'ar da ta biyo bayan sadakar bakwai na shiga zauren. Na juya inji, na zura reza, na ɗaure noti, na buga kik. Sau huɗu bai tashi ba, na ce shi ke nan, na kashe masa babur. A na biyar ya kama, sai ga ta nan, cik-cik-cik, 'yar siririya. Na kai hannu ga sifana ina tunanin ko in ƙara matsewa kaɗan. Ya Falmata ta yi magana daga bayan labule.

"Bar shi haka, Malam. Haka yake barinsa."

Na ajiye sifanar, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi ba ranar jana'iza.

Allah ya jiƙanka, Ba Kyari, ya yafe maka, ya sa ka huta. Baburinka na nan da ransa, yana 'yar ƙararsa, kuma ban matse shi ba.