Jaririn da Aka Tsoma a Daro

Ungozoma ce ni a unguwar Utaibiyya ta Makka, kuma ba yabon kai ba, yawancin masu furfurar lungunmu a tafin hannuna suka yi kukan farko. Lokacin da nake ba da labari Najeriya ba ta daɗe da samun 'yancin kai ba. Ruwa kuwa sai sakka, wato ɗan ga-ruwa, ya ɗebo a garwa daga bazan, tankin ruwan unguwa. Duk da haka matan Hausa ba su bar wankan jego ba, ko da za a kwana ba a dafa shayi ba.

Abokiyar aikina mace ce daga duwatsun bayan Bauchi. Ta musulunta tana budurwa, ta biyo mijinta ta ƙasa, ya rasu a Sudan, ta ƙaraso ita kaɗai. Takardunta ba su da ƙarfi, dangi ba ta da ko ɗaya. Ni ke yanke cibi, ita ke wankan jariri, don hannunta yana da sanyi.

Wata safiya muka je gidan wani mai sayar da carbi, matarsa ta haihu, ba a kai ga suna ba. Sakka bai zo ba, ruwan randa saura kaɗan. Maimakon abokiyata ta kwantar da yaron a ƙafafunta ta riƙa zuba masa da moɗa kamar yadda muka saba, sai ta juye ruwan a daro, ta tallafe ƙeyarsa, ta tsoma shi har wuya. Dabara ce ta tattali, ba wani abu ba.

Mai jego ta yi dariya ta ce, "Yaya, kin mai da min ɗa kifi."

Ta ce, "Ƙyale shi, ƙanwata. Ni da aka nutsar da ni ɗungum a kogi ina yarinya, ga ni nan ban mutu ba."

Da ma ita bakinta ba ƙofa. Ta shiga ba mu labarin yadda masu mishan suka jera su a bakin rafin garinsu cikin fararen kaya, baftisma suke kiran abin. Malaminsu ya faɗa musu cewa Annabi Yahaya ne yake nutsar da mutane a kogin Urdun don su tuba, har Annabi Isa ya zo gare shi. Su biyun kuma Bani Isra'ila ne, a cikin Yahudawa suka tashi.

Ashe kakar jariri, uwar maigidan, tana bakin ƙofa. Ta shigo ta fizge jikanta daga daron yana ɗigar ruwa.

Ta ce da ni, "Hajiya, Nasara kika kawo min gida ta yi wa jikana wankan coci? A Makka? Yau umda zai ji."

Umda shi ne mai unguwa. Magana irin wannan in ta kai kunnensa ba a tsayawa dogon bincike ga mace marar miji, marar takarda. Jidda za a kai ta, daga nan jirgin ruwa, zuwa ƙasar da ba ta bar kowa a cikinta ba. Na dubi abokiyata, ta zauna a ƙasa.

Hayaniya ta jawo maƙwabciyarsu, wata tsohuwa 'yar Yaman mai sayar da turare. Da ta ji zancen sai ta ce da Larabci, "Ya jama'a, wannan ai ba Nasara suka fara ba." Ta ce a garinsu tana yarinya akwai unguwar Yahudawa, suna da ɗan ɗaki da kwarmin ruwa a ciki mai matakala. Matansu can suke nutsewa bayan al'ada, amarya ma haka, wanda zai shiga addininsu shi ma sai ya nutse. Ta ce Annabi Yahaya abin gidansu ya fitar bakin kogi, Nasara suka gada.

Kakar ta ce, "To kin ji. Nasara da Yahudu duka biyun. Abin ya ƙara muni."

Ni ban yi karatu ba, sai surorin salla. Amma na san aikin ruwa. Na miƙe na ɗaura gyalena.

Na ce, "Hajiya, matar nan ta yi kalmar shahada, ta yi wankan shiga Musulunci. Ta yi wankan harami a miƙati. Shekara nawa tana shan Zamzam tare da ke, sahu ɗaya kuke tsayawa. In har ruwan rafin ƙauyensu bai fita daga jikinta ba, kina nufin ya fi Zamzam ƙarfi ke nan. Tashi mu je wurin umda, ki maimaita masa haka da bakinki, ni zan yi miki rakiya."

Ta ce, "Ni ban faɗi haka ba."

Na ce, "Kin faɗa, zagaye kawai kika yi. Kuma kakanninmu ni da ke, wa ya san abin da suka yi wa yanka a gindin tsamiya? Ko ke daga Madina aka sauko da ke?"

Mai jego ta cusa fuska a filo, kafaɗunta na rawa don dariya. Na ja hannun abokiyata, na ɗauki tukunyar jegona, muka fita. Na faɗa a bakin zaure, yadda lungu zai ji, cewa gidan da ba ta shiga ni ma ba na shiga.

A lokacin akwai mata da yawa a lungun da cikinsu ya tsufa, kuma ba mai son asibiti. Su suka yi ta sintiri gidan kakar suna roƙonta ta bar maganar, ba ni ba. Ba ta je wurin umda ba. Ana gobe suna ta aiko a kira mu, mu biyu. Ba ta ba da haƙuri ba, ba kuma ta taɓa yarda a sake tsoma jikanta a daro ba, tsayawa take a kanmu sai an zuba da moɗa. Abokiyata ta zuba, tana yi masa waƙa da yaren garinsu.

Ta zauna a Makka har tsufa ya kama ta. A nan aka yi mata salla a Harami, a nan take kwance.