Huraira ta Guci da Baƙon da Ya Ƙi Man Shanu

A Guci, 'yan shekaru kafin Nasara su iso Damagaram, in an ce gidan tuwo, to gidan Huraira ake nufi. Gajeruwa ce mai faɗin kafaɗa, bakinta kuwa bai san hutu ba. Mijinta Labbo fatoma ne mai saukar da fatake, kuma da ya rasu ita ta ci gaba da riƙe gidan. Abin taƙamarta biyu ne: ba wanda ya taɓa sa hannu a murhunta, kuma baƙo bai taɓa barin gidanta bai ci tuwonta ba. Ta faɗa a rijiya, ta faɗa a kasuwa, har maƙwabciyarta Amarya mai fura ta haddace.

Wata Laraba ayari ya sauke mata Rahamin, Bayahude mutumin Tarabulus mai sayen gashin jimina. Ya daɗe a birnin Damagaram, Hausa ta zauna a bakinsa. Huraira ta kai masa tuwon gero da miyar kuka da naman akuya. Ya yi godiya har sau uku, ya buɗe jaka ya ci dabino, akushi ya dawo yadda ya tafi. Alhamis ma haka.

"Yaya, na ji kajinki sun samu biki," in ji Amarya ta kan darni.

Abin ya yi wa Huraira ciwo, ga shi ayari zai tashi Lahadi. Juma'a da safe ta tsaya a ƙofar ɗakin baƙi.

"Baƙona, gaya mini gaskiya. Ƙazanta ka gani, ko raini ne?"

"Inna, ba ko ɗaya. Attaura ce ta ɗaure ni. Ba na cin nama sai yankanmu. Tukunyar da ta dafa wani nama ba ta dafa mini, kuma ni zan ɗora ta a wuta da hannuna."

Sabuwar tukunya ba wuya, ta aika aka sayo. Murhu ne maganar. Sai ta jera duwatsu uku a bayan ɗaki, inda idon Amarya bai kai ba, ta ce ga nasa murhun. Rahamin ya zaro wuƙa, ya bi kaifinta da farce yana neman ko 'yar tsaga, ya yi addu'arsa ya yanka zakara, ya rufe jinin da ƙasa. Ya zuba wa naman gishiri don ya tsotse sauran jini, gishirin da Huraira za ta yi mako tana miya da shi, har sai da ta kau da kai. Ya ɗora tukunya, ya roƙi a gama kafin rana ta faɗi, domin daga nan Asabar ta shiga, ranar hutunsu, ba ya hura wuta, ba a kuma yi masa girki.

Miya ta yi kyau, ƙamshi ya tsallaka darni. Huraira ta ɗanɗana ta ce saura abu ɗaya. Baƙon da ya wahalar da kai haka, a kai masa miya ba mai kamar maraya? Ta ɗauko man shanun da take ɓoye wa manyan madugai, ta zuba ludayi guda a tukunya, ta ƙara rabi don Amarya ta ji ƙamshi.

Rahamin ya buɗe akushi, ya ga mai yana ƙyalli, ya shinshina, ya rufe a hankali.

"Inna, nama da abin da ya fito daga nono ba sa haɗuwa a cikinmu. Laifina ne, ban faɗa ba."

"To sai me ake karrama baƙo da shi a garinku?"

Ya yi dariya, ita ba ta yi ba. Garin neman gira ta rasa ido, kuma rana ta riga ta faɗi.

Asabar ta yi mata tsawo. Ya wuni a inuwa yana rera karatunsa, ita tana safa da marwa a tsakar gida. Da azahar ta ga ya zazzage jakar dabino, uku suka faɗo. Nan kunya ta kama ta sosai: kwana huɗu tana jimamin sunanta, mutum kuwa yunwa yake ji a ƙarƙashin rufinta. Ta je da kanta wurin mai ginin tukwane ta sayo wata sabuwa, ta dawo ta tambaye shi yaushe Asabar take sakinsa.

"Sai taurari uku sun fito."

Bayan magariba Huraira ta tsaya tana duban sama, Amarya ta leƙo tana taya ta, ita ce ma ta hango na ukun. Duwatsun bayan ɗaki sun huce, murhun Huraira kuwa garwashi ne jajir. Ta dubi Amarya, ta dubi baƙon.

"Taho ka ɗora a nan."

Ya durƙusa ya ɗora sabuwar tukunyar miya da ta tuwo, hayaƙi ya sa shi tari. Aka yi miyar kuka da daddawa, ba ko tsokar nama, Huraira ta tambaya sau biyu kafin ta zuba man shanu. Ya ce yanzu kam a zuba da yawa.

Ayari ya tashi da safe, Rahamin bai ƙara biyowa ta Guci ba. Huraira ta rayu har haƙoranta suka zube, tukunyar miyar nan na rataye a ragaya, nama bai taɓa shiga cikinta ba. Duk baƙon da ya sauka, Buzu ko Babarbare, kafin ya kwance kaya sai ta tambaye shi abin da ba ya ci. Amarya kuwa ba ta bar tsokana ba.

"Yaya, ba ke ce namiji ya durƙusa a murhunki ba?"

"Ni ce," in ji Huraira. "Ya kuma nemi ƙari."