Igiya Biyu a Hannun Kofur

Tun yana saurayi Tela yake da shago a bakin ƙofar bariki, ɗan ɗaki mai keken ɗinki ɗaya da benci. Aikinsa ɗinka wa sojoji girma a jikin kaki: anini a kafaɗar hafsoshi, igiya a hannun ƙanana. Juyin mulki kuwa ya gani har ya gaji. Shi ya sa ba ya tsananta wa aninin manya, ɗan kamu yake yi masa sama-sama. In an tambaye shi sai ya ce, "Me zai sa in ɓata zarena? Gobe ma cirewa za a yi."

Sau ɗaya ya saɓa wa kansa, ranar da ɗansa na fari ya sami igiya biyu ya zama kofur. Ya bi ta da ɗinki a kan ɗinki, ya ƙulle kowace kusurwa da hannu. Matarsa ta leƙo tana dariya.

"Malam, igiya kake ɗinkawa ko bakin buhu?"

"Ke dai bari. Wannan sai dai rigar ta mutu ta bar ta."

Sai sojoji suka sake ƙwace mulki. Jama'a suka fito zanga-zanga, umarni ya zo daga sama, aka yi harbi, aka rasa rayuka. Ƙasashen waje suka ɗauke hannu: ba tallafi, ba makamai, ba jirgin da zai sauka, sai an hukunta masu laifi. To, wa zai miƙa kansa cikin masu anini? Tabɗi! Aka tsinto ƙananan yara, har da Kofur ɗan Tela, wanda ya rantse wa uwarsa sama ya harba.

Wata safiya wani manjo ya dire ƙunshin riguna a kan bencin.

"Baba Tela, gobe jakadu za su zo da masu ɗaukar hoto. A gabansu za a tsige igiyoyin nan kafin a wuce da yaran kurkuku. Ka sassauta zaren, fizga ɗaya muke so. Kada mu ji kunya gaban baƙi."

Ko bai san ɗan wa ke cikinsu ba, ko ya sani bai damu ba, Allah masani.

Tela ya gane ɗinkinsa tun bai ɗaga rigar ɗan nasa ba. Zuciya ta ce masa ya bar ta yadda take, su ja su ja har su gaji, duniya ta yi musu dariya. Har ya ture ta gefe. Sai ya tuna ba a rataye rigar za ta kasance ba, ɗansa ne zai kasance a ciki. In igiyar ta ƙi fita, shi za a yi ta fizga gaba da baya kamar akuya a kasuwa, uwarsa tana gani a talabijin.

Ya ɗauki reza. Wallahi ɗinkin nan ya yi taurin kai. Hawaye na hana shi ganin zare, a haka ya warware shi kusurwa-kusurwa, ya bar ɗan abin da zai riƙe ta zuwa gobe.

Washegari fizga ɗaya aka yi, igiyar ta fita. Jakadu suka gyaɗa kai. Ba a jima ba jirage suka dawo sauka, manjo kuma aka ƙara masa girma. Shi da kansa ya kawo sabon aninin shago.

"Baba, aikinka ya yi kyau ranar nan. Wannan ka ɗinka min shi da ƙarfi."

Tela ya karɓa. Ya daɗe yana neman kafar allura.